Gezar Sulken Gidan Maƙera

Umaru maƙerin Matankari ya kwance gezar sulken gidansu ya wanke ta da rairayi, kuma tun daga ranar babu wanda ya ƙara sanin zoben wane ne wanne. Ɓarnar ke nan. Babu ɓarawo a ciki, babu gobara. Shi ya yi ta da hannunsa, da hantsi, yana ganin gyara yake yi.

Sulken rigar yaƙi ce ta ƙarfe, ƙananan zobba an saƙa su cikin juna, nauyinta ya kai na ɗan akuya. Gidan ba na sarauta ba ne, maƙera ne tun kaka da kakanni. Abin da tsofaffi ke faɗi, wani barde ne ya kawo ta gyara, ya tafi yaƙi kafin a gama, bai dawo ba. Tun daga nan take cikin wata babbar tukunya a ƙuryar gida. Ba a sa ta, ba a fita da ita ko zaure.

Al'adar gidan kuwa, duk ɗa namiji da aka haifa, ranar suna ubansa zai ƙera zobe ɗaya da irin ƙarfen da ke hannunsa a lokacin, ya maƙala shi jikin nasa zoben a bakin rigar ta ƙasa. Ɗa a jikin uba, jika a jikin ɗa. Da zamani ya yi nisa sai abin ya zama geza, sili-sili tana reto, wani silin ya yi rassa, wani ya tsaya inda mai shi ya mutu bai bar baya ba. Mata ba su da zobe. Amma sunayen masu zobban a hannun mata suke, kuma a wannan zamani a hannun Gwaggo Hawwa'u.

Gwaggo ƙanwar uban Umaru ce. Ɗan baffanta ta aura, saboda haka a gidan aka haife ta, a gidan ta tsufa, a gidan idanunta suka mutu. Idan ka tambaye ta kakan kakan wane haka kawai, sai ta ce ba ta sani ba, kuma ba ƙarya take yi ba. Amma a ɗora mata gezar bisa cinya, da yatsanta ya taɓa zobe sai suna ya fito, da sunan ubansa, da abin da ya kashe shi. Kowane zobe ta san shi da kaushinsa, da tsatsarsa, da inda awartaki ya cije shi. Akwai ɗaya da takan daɗe a kai. Na ɗanta ne, Isma'ila, namiji ɗaya da Allah ya ba ta. Ya tafi Libiya neman aiki, daga can ya shiga jirgin ruwa, labari ya ƙare. Babu gawa, babu kabari. Zobe ne kawai na wayar ƙafar keke mai ɗan ƙaya wajen mahaɗi, kowace Juma'a da safe a ɗauko mata ta murza shi, ta yi addu'arta, a mayar.

Sau ɗaya a shekara, bayan girbi, ake wanke rigar. Ba da ruwa ba. A sa ta cikin burgamin fata da rairayi, a ɗaure, maza su yi ta shurin burgamin a tsakar gida har tsatsa ta fita. Kafin a sa, Gwaggo kan naɗe gezar da ƙyallen fata ta ɗaure tamau da kanta. Umaru ya sha ganin haka tun yana yaro. Bai taɓa tambaya ba. A wurinsa fi'ilin tsofaffi ne.

Shi kansa zobensa na reto shi kaɗai, babu kowa ƙarƙashinsa. 'Ya'yansa mata ne. Babbar, Hanifa, tana ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, ta Dogon Dutsi, tana zaune gidan ƙanwar uwarta. Umaru bai yi lakol ba, wato makarantar boko, sai ɗan abin da ba a rasa ba, malami ya mare shi gaban mutane ya fita bai koma ba. To amma ko'ina ya zauna sai ya sako zancen ɗiyarsa mai shirin bak, jarrabawar gama lise.

Wata Asabar Hanifa ta zo gida, ta same shi a maƙera yana gyaran garma.

"Baba, aron sulke nike so."

"Aron mi?"

"Sulke. Mushe Sharif, malamin tarihi, ya ce kowa shi kawo wani abu daga gida wanda ke nuna yadda duniya ta taho tun daga tsakiyar zamani har yau. Ekspoze ne, bayani za mu yi gaban aji, ran Talata."

"Ki kai mishi kakarki, ta hi sulke tsufa."

"Baba, da gaske nike."

Ta zauna bisa wani tsohon kututture ta fara ba shi bayani, shi kuwa yana ta dukan ƙarfe. Ta ce zobban sama kowanne da 'yar ƙusarsa, kuma Mushe ya ce irin waɗannan riguna ayari ne ke ƙetaro Sahara da su daga Masar ko gabas da nan, zamanin da gishiri da zinariya da littattafai da bayi ke bin hanya ɗaya. Nan Umaru ya tsayar da guduma. Masar. Kalmar ta yi masa daɗi, ya maimaita ta. Sai ya koma dukansa, ita kuwa ta ci gaba. Ta ce abin da ta fi so shi ne gezar. Zobban farko na tama ne, lokacin da Arewa ke narka ƙarfenta da kanta. Ƙasa da su ga na wayar tangarahu, wanda wani kaka ya yanko da Nasara suka kama shi aikin tilas. Ga na mariƙin kwanon soja, na wanda aka kai yaƙin Turai. Ga na keke, ga na babur ɗin Sin, ga na kawu Isma'ila da ya bi hanyar da rigar ta zo, ya koma ta can bai dawo ba. Ta ce duk abin da suka karanta a aji yana rataye a bakin rigar nan.

Ta faɗa. Bai ji ba. Guduma ta cinye rabi, rabin kuma kansa yana Masar.

"Ba a hita da ita," ya ce. "Tun da anka ajiye ta ba ta ga ƙohwar gida ba."

Hanifa ta ce, "Ni da ba ni da zobe ciki, ko aron yini guda ba ni da shi?"

Umaru ya juya garmar cikin wuta, ya daɗe yana zuga ba don wutar na so ba.

Da aka kai mata maganar, Gwaggo ba ta hana ba, saboda Hanifa ce kaɗai cikin 'yan matan gidan ta fara zama kusa da ita ranar Juma'a lokacin hutu tana sauraron sunaye. Abin da ta ce kawai, "Kai za ka kai ta, Umaru, kai za ka maido ta. Kahin Juma'a ta kwana tukunyarta."

"Gwaggo, Dogon Dutsi za ni, ba Makka ba."

"Ko bayan gida za ka, na hwaɗa maka."

Ran Talata da safe ya fito da rigar maƙera, ya baje ta bisa tabarma. Bai taɓa kallonta cikin rana haka ba. Sama abin sha'awa, saƙa sumul, hannun da ya yi ta ya san aiki, Umaru ya yi masa addu'a ko wane ne. Ƙasa kuwa, ga baƙi, ga ja, ga karkatacce, wani ƙato wani kamar na kunnen yarinya.

Ɗanbaba mai kabu-kabu, wanda zai kai shi, abokinsa ne tun suna kiwon awaki, ya kafe babur ya leƙo.

"Kai! Wagga ita ta rigar da kuke ɓoyo? Sama sarki, ƙasa shagon mai hwacin keke."

"Rufe bakinka, ba na hawan babur ba na."

"Ni dai na hwaɗi. 'Yan boko za su gani. Su ce ɗiyar maƙeri ta kwaso bolar ubanta ta kawo lise."

Wasa yake yi, ya wuce neman shayi. Umaru ya tsaya shi da rigar. Ya ga aji cike da 'ya'yan ma'aikata, ya ga Hanifa tsaye gabansu, ya ji dariyar tun ba a yi ta ba, don ya san irin dariyar nan, an taɓa yi masa. Ya ɗauki awartaki. Bai yanke komai ba, shi ba mahaukaci ba ne. Zoben sama na kowane sili ya buɗe, ya zare silin, ya sa cikin ƙwarya. Maƙeri ne ɗan maƙeri, abin da ya buɗe zai rufe. Da ya gama ya ɗaga rigar, ta fito tsaf kamar yau barden ya kawo ta.

Da nan ya tsaya, da Gwaggo ta mayar da kowane sili wurinsa kafin azahar. Amma hannun mai sana'a ba ya ganin ƙarfe mai tsatsa ya ƙyale. Ya dubi ƙwaryar ya ce a ransa, wannan tsohuwa duk shekara sai ta naɗe su, shi ya sa suka lalace haka. Ya ɗauko ƙaramin burgami, ya zuba rairayi mai kaifi, ya juye gezar ciki, ya ɗaure. Ba shi da lokacin shuri. Sai dabara ta zo masa, har ya yi murmushi: ya ɗaure burgamin sako-sako a bayan babur. Gargadar hanya ta yi masa aikin. Kafin su dawo sun yi fes, Gwaggo ta ji santsi ta sa masa albarka.

Ɗanbaba bai san tafiya a hankali ba, kuma ranar sun makara. Duk ramin da suka faɗa Umaru yana jin burgamin na dukan ƙarfen babur, yana jin daɗi.

A lise Mushe Sharif ya fito da kansa ya tarbe shi, ya ba shi hannu biyu, ya kira shi Baba. Ya ce a ba shi kujera. Umaru ya ce a'a, ya tsaya bakin ƙofa da hularsa sabuwa. Hanifa ta karɓi ƙunshin, ta kai bisa tebur, ta buɗe sama kawai. Ta fara magana da faransanci, Umaru bai ji ba sai kalma ɗaya biyu, amma ya ga yara sun miƙo wuya, ya ga malamin ya sunkuya yana duban 'yan ƙusoshin yana gyaɗa kai. Ya gyara zaman hularsa. Sannan ta warware sauran rigar, ta bi ta da hannu zuwa ƙasa tana magana, hannunta ya kai baki ya faɗa bisa katako.

Ta juya rigar. Ta ɗaga ta. Ta dubi ƙofa.

"Baba, ina geza?"

"Tana nan, ɗiyata. Ci gaba abinki. Na gyara ta."

Ba ta ci gaba ba. Ta fito, malamin na biye da ita. Umaru ya kwance burgamin daga babur yana cewa ai tarkace ne, bai so a gani ba, amma tunda ana so ga shi. Ya shimfiɗa rawaninsa na wuya a ƙasa ya zazzage.

Babu sili ko ɗaya. Zobban gida ba su da ƙusa irin na Masar, lanƙwasa su kawai aka yi baki ya haɗu da baki, tsofaffin kuma sun yi laushi. Hanya ta buɗe su, rairayi ya raba ɗa da uba. Ga su nan warwatse cikin yashi, farare tas, suna ƙyalli, kowanne kamar ɗan'uwansa.

Hanifa ta durƙusa. Ba ta yi kuka ba. Ta sa hannu ta ɗebo, ta buɗe tafinta tana kallo.

"Na hwaɗa maka, Baba. Ran Asabar na hwaɗa maka ita nike so."

"Maida su ba wuya ba na. Ni na buɗe, ni za ni..."

"Wanne na kawu Isma'ila?"

Ya duba. Ya tona zobban da yatsa, bai gane shi ba. Mushe Sharif ya juya ya kori yaran da suka taru bakin taga, sannan ya tsuguna cikin wandonsa mai guga ya taya su tsince zobban daga yashi, bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi wa Umaru marin malamin da.

A hanyar komawa Ɗanbaba ya ce, "Wallahi wasa nike." Umaru ya ce, "Tuƙa."

Laraba da Alhamis bai hura wuta ba. Ya zauna da ƙwaryar yana rarrabewa. Ƙarfe dai ya san shi: na tama gefe, na tangarahu gefe, na keke gefe. Mariƙin kwanon soja guda ne, ya gane shi. Sauran fa? Na keke kaɗai sun cika tafi, don duk 'yan zamanin Isma'ila da wayar keke aka yi musu, har shi Umaru. Nasa zoben ma bai gane shi ba. Hanifa ta baro lakol ta zo, ta faɗi sunayen da ta riƙe, amma sili biyu ta fara koya, kuma ita ma da hannu aka koya mata.

"Ka hwaɗa ma Gwaggo, Baba."

"In hwaɗa mata mi? Makauniya ta. In na jera su daidai tsawonsu, shi ke nan."

"Kai ma ka san ba shi ke nan ba."

Ya sani. Amma taurin kai bai bar shi ba. Ya jera su yadda idonsa ya tuna, dogon sili inda dogo yake, mai rassa inda mai rassa yake, ya rufe kowane baki da kyau. Aiki ya yi kyau, ya fi na da.

Juma'a da safe Gwaggo ta yi alwala ta zauna bisa tabarmarta bakin ɗaki. Umaru da kansa ya ɗora mata rigar a cinya, abin da bai saba ba. Ta yi bismilla, ta lalubo silin farko daga dama. Yatsanta ya tsaya. Ya matsa na biyu, ya koma na farko. Leɓenta ya motsa, babu abin da ya fito. Ta bi gezar duka har ƙarshe, a hankali, ta dawo, sannan hannunta ya tafi kai tsaye wurin da ya saba zuwa, ya kama zoben ƙasa.

"Wa na wanga?"

Ta juya kai wajen da Umaru yake tsaye.

"Umaru, kana nan, ina jin numfashinka. Su wa ka kawo mini?"

Nan ya faɗa mata, duka, tsaye, da 'yan kalmomi. Ba ta zage shi ba. Ya so ta zage shi. Cewa ta yi, "Ka ga ina naɗe ta duk shekara."

"Na gani, Gwaggo."

"Ba ka tambaya ba."

"Ban tambaya ba."

"Ni ma ban hwaɗa ba. Na ɗauka maƙeri ya sani." Ta miƙo tafi. "Ba ni na keke, ɗai-ɗai. Yana da ƙaya wajen baki, ubanshi hannunshi na rawa ranar, murna ta yi mishi yawa."

Ya zauna gabanta da awartaki yana cirewa yana sa mata a hannu. Ta murza, ta juya, ta kai wajen mahaɗi. "Ba shi na ba." Ya ba ta wani. "Ba shi na ba." Rairayi ya cinye ƙayar, abin da ya rage kuma awartakin Umaru ya daidaita shi. Suka bi su har suka ƙare, ta ce a sake, aka sake. Ladan ya kira salla, maza suka wuce masallaci, Umaru bai tashi ba sai da ta ce, "Tahi ka yi Juma'arka. Ba ya ciki. Ko yana ciki, bai san ni ba."

Bayan haka Hanifa ta yi ta zuwa tana zama da ita, tana cewa Gwaggo ki faɗa da ka, ko babu zobe. Tsohuwar takan fara, ta kawo uba da kaka, sai ta tsaya, yatsunta na lalube bisa zane. Wani lokaci ta sa ƙane a wurin wa, ta gane ta yi kuskure, ta yi shiru. Daga baya ta ce a daina, tana jin kunyar matattu.

Cikin damina matar Mustafa, ƙanen Umaru, ta haifi namiji. Ranar suna Mustafa ya ƙera zobensa ya zo da shi, ya tsaya gaban rigar bai san inda zai maƙala ba. Ya dubi wansa, ya jefa zoben cikin tukunyar, ya fita. Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Hanifa ta ci bak ɗinta, ta tafi Yamai karatu, kuma idan ta kira waya uwarta take nema.

Gwaggo ba ta ƙara cewa a ɗauko sulke ba. Juma'a ta zo ta wuce tana zaune bakin ɗaki, hannunta bisa cinya. Abincinta ya ragu, maganarta ta ragu. Ba ta ga girbi ba.

Matan da suka yi mata wanka sun sami ƙulli a bakin zanenta, suka aiko wa Umaru. Zobe ne ɗaya na wayar keke, fari, sumul. Matarsa Zalihatu ta ce ta taɓa ganin tsohuwar da shi, har ta tambaye ta ko ta gane na Isma'ila ne. Gwaggo ta ce a'a, ba ta san ko na wane ne ba, ta ɗauka ne kawai ranar Juma'ar da aka yi ta miƙa mata su. Ta ce ko wane ne shi ɗan gidan ne, kuma shi ma yanzu ba shi da mai kiran sunansa. Shi take murzawa har ta mutu.